Alhajin da Na Ɓoye a Bukkokin Masunta

Babanmu ya tafi Makka da ƙafa tun kafin layin dogo ya iso Malam Madori. Ina da shekara tara a lokacin, ƙanena kuwa yana goye. Abin da na riƙe na ranar kaɗan ne: jaki biyu, buta a rataye, da tsayuwar da ya yi a bakin fadama ya ce wa Inna ta yafe masa, ita ma ta ce ya yafe mata. Suka nufi gabas ta hanyar Borno, shi da mutum huɗu. Ba mu ƙara ganinsa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Haɗeja da Auyo, kan wani tudu da ruwa ke kewayewa duk damina. A wurinmu a wancan zamani, daɗewar mai tafiya Makka ba mutuwa ba ce. Mutum yakan tsaya a Wadai ya yi noma damina biyu, ya ƙara gaba ya tsinci auduga a ƙasar Sudan, har ya tara abin da zai shiga jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Maliya. Shekara bakwai ba a cewa an daɗe. Biyu daga cikin abokan tafiyar Baba sun dawo a shekara ta takwas, suka ce sun rabu da shi a wani gari gaba da Wadai, lafiyarsa ƙalau, yana koyar da karatu don ya sami guzuri. Akwai kuma wani mutumin Auyo da ya dawo bayan shekara goma sha tara, da farin gemu da 'ya'ya uku waɗanda ba sa jin Hausa. Wannan mutumin Inna ta riƙe. Duk wanda ya zo mata da maganar Baba, da tausayi ya zo ko da gulma, amsa ɗaya take ba shi.

"Hanyar ce da nisa. Malam yana tafe."

Kada a ɗauka taɓin hankali ne. Inna mace ce mai kaifin kai, ita ke turara shinkafar da rabin ƙauyen ke saya, kuma ba a taɓa cutarta a mudu ba. Amma kowace kaka sai an sake wa ɗakin Baba jinka, kuma shekara ashirin da bakwai ba ta kwana a wani gida ba, biki ake yi ko rasuwa, kada ya iso ya tarar ba ta nan. Nisan hanyar nan shi ne abin da ya riƙe ta a tsaye. Na gane haka tun ina yarinya, na kuma sa ido kada kowa ya taɓa mata shi.

Ƙanena a bayana ya girma, don Inna kullum tana bakin tukunya. Ni na hore shi, ni na ja kunnensa zuwa makarantar allo, har bayan ya yi gemu in na kira shi sai ya durƙusa. Ya kama sana'ar banda, yana sayen tarwaɗa da karfasa wurin masunta, ya ƙyafe, ya ɗura a kwanduna, jirgin ƙasa ya kai masa Kano har Kudu. Allah ya buɗa masa. Wata rana ya shigo ya ce bana zai sauke farali, kuma ta jirgin sama zai tafi.

Mun san jirgin sama. Lokacin yaƙin Turawa yakan wuce ta kanmu can ƙololuwa, kaji su watse. Amma ba wanda ya taɓa gaya mana tafiyar kwana nawa ce, mu kuma ba mu tambaya ba, don kowa gani yake ya sani. Ni na yi lissafina irin na mai ganin kanta da wayo. Na ce Kano a ƙafa kusan mako ce, jirgin ƙasa ya mayar da ita yini ɗaya. To jirgin sama in ya yi ƙoƙari, ya mayar da shekara bakwai shekara guda. Shi ƙanena da na tambaye shi cewa ya yi an ce da sauri ne, amma shi ma sai ya gani da idonsa.

Inna kuwa a wurinta hanya ɗaya ce. Jirgin zai bi inda Baba ya bi, ya sauka gari gari, ɗanta ya fita ya yi cigiya. Wata guda ta yi tana haɗa guzuri: kilishi, dakuwa, garin kuka, daddawa, yaji, shinkafa buhu biyu, man shanu a gora. Ta kuma sa aka ɗinka riga fara, ta naɗe ta daban, ta ba shi a hannu.

"In kun haɗu da Malam. Na san tasa ta tsufa."

Maigidana ne ya raka shi Kano. Kwana huɗu ya dawo, ya shigo ta bayan gida da jakuna a labce, kayan Inna ne cif, ko ɗaurin ba a kwance ba.

"Wannan fa?"

"Sikeli gare su a filin jirgin. Suka ɗora, wani ma'aikaci ya riƙe baki yana dariya, ya ce gari guda za a ciyar? Akwati ɗaya suka bar masa. Sun ce a ciki ake ba su abinci."

"Na shekara guda?"

"Ni ma haka na ce. Ya ƙara dariya."

Na ce rowa ce irin ta Turawa, so suke su sayar musu da nasu abincin da tsada. Na zuba kayan a rumbuna na rufe, ban gaya wa Inna ba. Daga nan na fara ɓoye mata abu.

Aikin hajji na shekarar ya faɗo cikin damina. Aka yi Sallar layya, ruwa ya sauka sosai, kogi ya cika ya malale fadama, hanyar tasha ta yanke sai a kwalekwale. Kamar mako uku bayan Sallah, da hantsi, maigidana ya shigo ya tsaya a kaina ina tankaɗe, fuskarsa ba daidai ba.

"Ƙaninki yana Malam Madori. Ya aiko a zo da kwalekwale a ɗauke shi."

Rariya ta faɗi daga hannuna. Kwana arba'in da 'yan kai da tafiyarsa. Na ce kada ya gaya wa kowa, ko matar ƙanen nawa. Na yafa zane muka shiga kwalekwale.

Mun same shi a zauren mai masaukinsa kusa da tasha, zaune kan akwati. Ya rame, kansa a aske, ya yafa makawiya irin ta alhazai, yana tari. Ya miƙe da murna zai durƙusa.

"Koro ku aka yi?"

"Yaya, ko sannu da zuwa babu?"

"Na ce koro ku aka yi, ko jirgin ne ya lalace a hanya?"

"Na tsaya Arfa, na yi jifa, na ziyarci Madina. Da Alhaji kike magana, ki riƙa sassauta murya."

"Alhajin Fagge. Ka zauna a Kano ka sha iska, ka shiga kasuwa ka sayi ƙyalle ka ɗora a ka. Ni za ka yi wa wannan?"

Ya daina dariya. Ya buɗe akwatin, ga dabino irin wanda ban taɓa gani ba, ga tasbaha, ga gwangwanin zamzam a liƙe da dalma. Ya ce in ban yarda ba in aika cikin Haɗeja, mutum uku suka dawo tare. Ba kayan ne suka sa na yarda ba. Tun yana ƙarami in zai yi ƙarya sai ya sosa ƙeya. Na zuba wa hannunsa ido, bai ɗaga ba.

"To kwana nawa kuka yi a saman?"

"Ba kwana, Yaya."

"Kada ka yi min wasa."

"Sallar asuba a filin jirgi na Kano muka yi ta. Azahar a zaune kan kujera, sama da gajimare. Da la'asar muka sauka Hartum, jirgin ya sha mai, mu muka sha ruwa. Magariba a sama ta same mu. Isha'i a Jidda muka yi ta."

"Isha'in wace rana?"

"Ta ranar."

Maigidana ya ce la'ilaha illallahu a hankali. Ni kuwa na ce, "Tekun fa? Wanda ake shekara uku ana tara kuɗin ƙetare shi?"

"An kawo mana shayi muna wannan gaɓar. Na sha, na ɗan yi gyangyaɗi, na farka aka ce ga fitilun Jidda."

Akwai buhun gyaɗa a jingine a zauren, a kansa na zauna. A ranar nan mun bar gida da hantsi, sai bayan azahar muka iso tasha, kuma ana ganin hayaƙin jirgin ƙasa daga bayan ƙauyenmu. Garin Baturiya da ke nan kusa, in ruwa ya cika, yini guda ake tuƙi. Amma hanyar da ta cinye mana uba, wadda na tashi ina jin sunayen garuruwanta kamar karatu, wai an naɗe ta tsakanin salla biyar. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ji na yi kamar an yi mana ƙarya tun ina yarinya, kuma ban san wanda zan kama da ita ba.

"Baba fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yi cigiya a Jidda da Makka da Madina, cikin mutanenmu da suka zauna can, waɗanda ake kira Takari. Ya faɗi suna, ya faɗi gari, ya faɗi tsagen fuska, ba wanda ya san shi. Wani tsoho ɗan Borno ya zaunar da shi ya ce masa kaburburan da ke tsakanin Wadai da bakin teku Allah kaɗai ya san yawansu. Ya kuma ce yanzu motoci na bin hanyar har Yerwa ta Borno, wanda ke da rai kuma yake son gida, wata biyu ya ishe shi.

A nan na yanke abin da na yanke.

"Ba za ka shiga gida ba."

"Ina zan shiga?"

"In Inna ta gan ka yau, za ta tambaye ka kwana nawa. Me za ka ce mata?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Za ka zauna inda zan ajiye ka sai an yanke shinkafa. In ta kama, sai wata daminar. Sannan ka shigo ka ce hanya ce da nisa."

"Yaya, matata cikinta wata bakwai."

"Kai ne ungozoma?"

Maigidana ya ce shi dai bai ga daidai a wannan ba, mutum ya dawo daga ɗakin Allah a ɓoye shi kamar wanda ya gudu wa haraji. Na ce masa tuƙi na kawo shi, ba shawara ba.

Dangin maigidana masunta ne, da damina sukan kafa bukkoki kan wani tudu cikin ruwa, wajen Baturiya. Can muka kai shi, akwatinsa a rufe da tsohuwar komar kamun kifi. Mutumin da ya kamata gari ya fito ya tarya, ga shi an saukar da shi cikin hayaƙin banda da sauro. Na tara mazan na ce musu tarin da ya kwaso mai yaɗuwa ne, sai ya warke zai shiga gari, kuma duk wanda ya buɗe baki zai gamu da ni. Sun san ni, suka ce to.

Na koma gida na ci gaba da zuwa wurin Inna kullum ina taya ta aiki. Takan ce, "Yanzu ƙila sun kai Wadai." In ce ƙila. Matar ƙanena tana gefe da tulun cikinta tana jin mu, ni kuwa ban iya kallon ta ba.

Na ɗaure bakin maza, na manta da zamzam. Wani yaro a bukkokin ya kwanta da zazzaɓi, kakarsa ta zo ta durƙusa gaban ƙanena tana roƙo, shi kuwa bai iya hana abu ba tun fil azal. Ya fasa gwangwanin. Kafin kwana uku mata na zuwa a kwalekwale daga kowane tudu, kowace da ɗan ludayinta.

Rana ta goma sha ɗaya ina gidan Inna ina juya shinkafa a tabarma, sai ga wata tsohuwa cikin matan masunta, wadda takan kawo kifi ta karɓi shinkafa. Ta ajiye ƙwarya ta durƙusa.

"Inna, Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Jikana ya sha zamzam, jiya har ya ci tuwo."

"Wane Alhaji?"

"Naki mana. Ai tarin ma ya yi sauƙi, jiya shi ya ba mu salla."

Na yi mata ido, amma bakin ya riga ya fita. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta auna mata shinkafarta, ta share bakin mudu da hannu yadda ta saba, ta yi mata sai an jima. Da matar ta fita sai ta ce, "Ke." Ba ta faɗin sunana, don ni ce 'yar fari.

"Na'am, Inna."

"Je ki kawo min ɗana."

Washegari da la'asar muka shigo da shi. Ya faɗi gabanta yana kuka, ta dafa kansa ta yi masa addu'a doguwa. Matarsa ta leƙo daga ɗaki, ta gan shi, ta dube ni, ta saki labule. Ya zuba wa Inna abin da ya rage na zamzam, ta fuskanci gabas ta sha a kurɓi uku. Sannan ta ajiye moɗa.

"Gaya min hanyar."

Ya dube ni. Na girgiza masa kai kaɗan.

"Ni na tambaye ka, ba ita ba."

Ya faɗa mata yadda ya faɗa min, salla bayan salla. Tana bi da yatsu. Da ya kai isha'i sai ta ce ya sake, ya sake. Yatsunta biyar a buɗe ta tsaya tana kallonsu.

"Ka duba ƙasa?"

"Na duba, Inna. Kusa da taga nake."

"Ka ga hanya?"

"Ba a ganin hanya. Rairayi ne ja, sai duwatsu, sai wani rairayin."

"Mutane fa? Masu tafiya da ƙafa?"

"Ko raƙumi ba a gani."

"Rigar?"

"Na bayar da ita sadaka a Makka, da sunansa."

Ta gyaɗa kai. Kaji suna ta cin shinkafar da ke shanye, ba wanda ya kore su.

"Wanda yake can, in yana da rai, in yana son ya dawo. Yanzu kwana nawa zai yi?"

"An ce a mota wata biyu."

"Tun yaushe motar ke bi?"

"An ce ta daɗe."

Na jira ta faɗi. Abin da na yi ta tsoro ke nan tun a tasha, har na matsa kusa don in tare ta. Ba ta faɗi ba. Ta juyo gare ni.

"Ke kika ajiye shi cikin sauro?"

"Ni ce."

"Har yaushe?"

"Har kaka."

"Da kaka ta yi fa? Ki sa Alhaji ya yi min ƙarya da bakin da ya sha zamzam." Ta daɗe tana kallona. "Tun kina 'yar mitsitsiya kike gadina kamar rumbu. Ni na haife ki."

Ta tashi ta kori kajin, ta tattara shinkafarta ta shiga ɗaki.

Da gari ya waye ta aika aka kira liman. Daga bayan labule ta gaya masa Malam ya rasu, tana so a yi masa addu'a a fitar da sadaka, ita kuma yau za ta shiga takaba. Liman ya yi gyaran murya ya ce irin wannan sai alƙali ya yanke, tunda ba wanda ya ga gawa.

"Alƙali ya yi min tayin wannan tun yaron nan yana makarantar allo, na ƙi. Yau na yarda. In ana so a gaya masa, a gaya masa."

Ni ta kira na tsefe mata kitso. Ta cire awarwaro da zobe ta zuba min a hannu, ta ɗaura tsohon zane. Ina tsifar, ta ce in yi a hankali ina ja mata gashi. Gashin duk ya yi fari, ban taɓa lura ba. Shekara ashirin da bakwai ina ganin Inna nake wa tsaro, sai da na ji an ce Allah ya jiƙan Malam a ƙofar gida na gane ni ma jiransa nake yi. Na shiga bayan rumbu na yi kukana inda ba mai gani.

Kafin azahar labari biyu sun zagaya gari tare. Mutane suka fara zuwa, wasu a ƙafa, wasu a kwalekwale daga Auyo. A zaure Alhaji na zaune da makawiyarsa ana yi masa barka da sauka, yana raba dabino ɗaiɗai. A cikin gida Inna na kan tabarma, kanta a rufe, ana yi mata ya haƙuri. Guzurin da na ɓoye na sa aka kwaso daga rumbuna, shinkafar nan buhu biyu ita aka dafa ta sadaka. Ni na tsaya a tsakar gida ina nuna wa mutane inda za su bi.

Wata ƙanwar Baba, tsohuwa tukuf, ta iso a makare tana dogara sanda. Ta tsaya ta saurari dariyar da ke tashi a zaure, ta saurari salatin da ke tashi a ɗaki, ta kama hannuna.

"'Yar nan, wanne zan fara?"

Na ce ta fara da ciki.